Torkham, ƙarshen 2023: agajin da ya tsaya a bakin iyaka

Ranar 3 ga Oktoban 2023 ministan cikin gida na gwamnatin riƙon ƙwarya ta Pakistan, Sarfraz Bugti, ya ba duk baƙon da ke zaune a ƙasar ba da takardun izini ba wa'adi: ya tattara nasa ya nasa ya fice kafin 1 ga Nuwamba, in ba haka ba a kama shi a tisa ƙeyarsa. Gwamnati ta ce hukuncin ya hau kan kowane baƙo ne, ko daga ina ya fito. Amma ba wanda ya kasa gane inda aka dosa, domin ita kanta gwamnatin ta ƙiyasta cewa 'yan Afganistan kusan miliyan 1.7 ne ke zaune a ƙasar ba takarda. Mako huɗu aka ba mutanen da wasunsu sun shekara arba'in a wurin, sun yi aure, sun aurar, sun ga jikoki, sun binne iyayensu a maƙabartun Peshawar da Kwetta da Karachi.

Kafin shekarar ta ƙare mutum kusan 500,000 sun tsallaka zuwa Afganistan, yawancinsu ta ƙofofi biyu, wato Torkham da ke lardin Nangarhar a gabas, da Spin Boldak da ke lardin Kandahar a kudu. Kusan rabinsu yara ne. Agajin da aka tare su da shi a bakin iyaka ya yi aikin da aka tsara shi ya yi, kuma ma'aikatan da suka kwana a tsaye a Torkham sun cancanci a yaba musu. Sai dai agaji ne na kwana biyu ko uku. Wahalar iyalan kuwa daga lokacin da motarsu ta bar sansanin take somawa, a inda kuɗin masu ba da tallafi ba ya iya bin su, kuma dokokin Taliban suka rufe wa 'ya'yansu mata ƙofa.

Asalin lamarin

Hijirar 'yan Afganistan zuwa Pakistan ta kankama ne bayan sojojin Tarayyar Sobiyat sun shiga ƙasarsu a Disamban 1979. Yaƙin basasar shekarun 1990 ya ƙaro wasu, yaƙin da Amurka ta fara a 2001 ya ƙaro wasu, bayan Taliban ta sake karɓar Kabul a Agustan 2021 kuma wasu kusan 600,000 suka bi sahu. Iyakar ma da Turawan Ingila suka shata a 1893 ta ratsa tsakiyar ƙasar ƙabilar Pashtun ne, ta raba dangi ɗaya gida biyu, kamar dai yadda iyakar Nijeriya da Nijar ta shiga tsakanin Katsina da Maraɗi. Mutumin Nangarhar da ya koma Peshawar bai je wurin baƙi ba. Harshe ɗaya ne, tufafi ɗaya, masallaci ɗaya.

Pakistan ba ta sa hannu a yarjejeniyar kare 'yan gudun hijira ta 1951 ba, ba ta kuma da dokar kanta a kan masu neman mafaka. Dokar baƙi ta 1946, wadda ta gada daga mulkin mallaka, ita ake aiki da ita. Saboda haka matsayin ɗan Afganistan a ƙasar ya rataya ne a kan katin da ke aljihunsa. A 2023 mutum kusan miliyan 1.3 na riƙe da katin rajista da ake kira PoR, wanda aka fara bayarwa a 2006 zuwa 2007 tare da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR. Wasu sama da 800,000 na da wani katin daban, ACC, da aka bayar a 2017. Sauran ba su da komai. A cikinsu akwai waɗanda rajista ta wuce su tun da daɗewa, da 'ya'yan da aka haifa musu a can, da kuma mutanen 2021 da bizarsu ta ƙare suna jiran Amurka ko Ingila ko Jamus su cika alkawarin ɗaukarsu: 'yan jarida, tsofaffin sojoji, mata alƙalai, masu fassara.

Dalilin da Islamabad ta bayar tsaro ne. Hare-haren ƙungiyar Taliban ta Pakistan, TTP, sun yi yawa tun 2021, kuma Pakistan na zargin Kabul da ba mayaƙanta mafaka, zargin da Taliban ke musantawa. Kwana huɗu kafin sanarwar, ranar 29 ga Satumba, ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe mutum sama da 50 a taron Maulidi a garin Mastung na lardin Balochistan. Bugti ya ce a cikin hare-haren ƙunar baƙin wake 24 da aka kai a ƙasar a shekarar, 14 'yan Afganistan ne suka kai su. Jinin da aka zubar gaskiya ne, haka ma karamcin da Pakistan ta yi na ɗaukar miliyoyin mutane shekara da shekaru a lokacin da ƙasashe masu arziki ke gina katanga. Amma korar ba ta taɓa kwamandan TTP ko ɗaya da ke ɓoye a duwatsu ba. Wanda ta taɓa shi ne mai tura kurar kayan miya a Karachi, da mai buga bulo a wajen Peshawar, da yaron da ke tsintar gwangwani a bola. An yi amfani da su ne don a matsa wa gwamnatin da suka gudo daga hannunta.

Fitowar

An buɗe wuraren tsare mutane 49 a faɗin ƙasar. An gargaɗi masu gidajen haya da masu ɗaukar ma'aikata cewa duk wanda ya ɓoye baƙo marar takarda zai fuskanci hukunci. 'Yan sanda suka shiga unguwanni gida gida, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun tattara koke-koke na karɓar cin hanci, da ƙwace kaya, da kama masu kati ma. An kuma ƙayyade kuɗin da iyali zai fita da shi, rupee 50,000 na kuɗin Pakistan, abin da bai kai dala 200 ba a lokacin, aka hana fita da dabbobi. Wanda ke da shago ko shanu ko babur dole ya karyar da su a kan duk abin da aka taya, domin mai saye ya san mai sayarwa ba shi da ranar jira.

Waɗanda jami'ai suka kama suka kai iyaka da hannunsu 'yan kaɗan ne a cikin jimillar. Mafi yawa da ƙafarsu suka fito, kuma da ma'aikatan hukumar ƙaura ta duniya, IOM, da na UNHCR suka tambaye su dalili, amsar da ta rinjayi kowace ita ce tsoron kamu. Magidanci ya gwammace ya yi hayar babbar mota ya loda gado da katifa da tukwane da ƙofofin ɗaki da itacen rufi, ya ɗora matarsa da 'ya'yansa a saman kayan, da a shigo masa gida a taɓa mutuncin iyalinsa. Kafin sanarwar mutum 300 ne ke komawa a rana. A kwanakin ƙarshen Oktoba adadin ya kai 9,000 zuwa 10,000 a kullum.

Torkham ba gari ba ne da zai iya ɗaukar wannan. Mashiga ce a bakin tsaunukan Khyber, duwatsu ne da ƙura da busasshen rafi, sai layin manyan motocin dakon kaya. A kwanakin farko na Nuwamba dubban iyalai sun kwana a fili, ba ban ɗaki, ba isasshen ruwan sha, sanyin dare kuma ya fara sauka. Yara suka fara gudawa da ciwon ƙirji. Mata masu tsohon ciki sun yi kwana da kwanaki a kan hanya a bayan mota.

Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya. Ranar 7 ga Oktoba girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.3 ta rusa ƙauyukan gundumar Zinda Jan a lardin Herat, wasu biyu masu irin ƙarfinta suka biyo baya ranar 11 da 15 ga watan. Mutum kusan 1,500 suka rasu, mafi yawansu mata da yara, domin su ne ke cikin ɗakuna lokacin da ta auku. Tantuna da barguna da ma'aikatan da aka tanada don hunturu an riga an tura su can yamma. A wannan rana ta 7 ga Oktoba ce kuma yaƙin Gaza ya ɓarke, hankalin duniya duka ya koma can. Tun kafin haka Shirin Abinci na Duniya, WFP, ya sanar cewa rashin kuɗi ya sa ya cire mutum miliyan 10 daga cikin waɗanda yake ciyarwa a Afganistan a shekarar. Ƙasar da aka koro mutane zuwa cikinta ke nan, ƙasar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum sama da miliyan 29 na buƙatar agaji a cikinta.

Abin da aka yi a bakin iyaka

Cikin 'yan makonni aka samu tsari. Taliban ta kafa babban kwamiti ƙarƙashin mataimakin firaminista Abdul Salam Hanafi, ta buɗe sansanin wucin gadi na Omari a Torkham da wani a Takhta Pul kusa da Kandahar. Iyali na isowa a yi musu rajista, a ba su afgani 10,000, kimanin dala 140, a ba su layin waya, a nema musu motar da za ta kai su lardinsu. A gefe guda ƙungiyoyin agaji suka haɗu a inuwa ɗaya ƙarƙashin jagorancin IOM, kowace ta ɗauki ɓangarenta. WFP na raba biskit mai gina jiki da kuɗin abinci. Asusun yara na UNICEF na kawo ruwa a tankoki, yana gina ban ɗakuna, yana kafa tantunan da yara za su zauna su yi wasa, yana kuma neman iyayen yaran da suka ɓace a cikin cunkoso ko aka koro su su kaɗai. Likitocin tafi-da-gidanka na duba marasa lafiya, ungozomomi na karɓar haihuwa.

Aikin da ya fi muhimmanci ga yara gajere ne ƙwarai, bai fi minti biyar ba a kan kowane yaro. A ɗiga masa maganin shan inna, domin Afganistan da Pakistan su kaɗai suka rage a duniya da ƙwayar cutar ta asali ke yawo a cikinsu tun bayan da aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita a 2020, kuma wannan hanya ta Peshawar zuwa Jalalabad na cikin manyan hanyoyin da cutar ke bi. A yi masa allurar ƙyanda. A ɗaura masa ma'aunin nan mai launi uku a damtse, in ya nuna ƙasa da santimita 11.5, wato ja, an san tamowa ta yi tsanani, a ba uwar ƙunshin abincin gyaɗa da madara, a rubuta mata takardar da za ta kai asibitin inda za su sauka. Sannan a tara yaran a nuna musu hotunan nakiyoyi da harsasan da ba su fashe ba. Wannan darasi ba ƙarami ba ne. Yaron da ya tashi a Karachi bai taɓa ganin irin waɗannan abubuwa ba, ga shi za a kai shi ƙauyen da aka shekara arba'in ana yaƙi a gonakinsa, kuma yara ne mafi yawan waɗanda ragowar makaman ke kashewa ko nakasawa a Afganistan, sau da yawa wajen tsintar ƙarfen da za su sayar.

Duk wannan ya yiwu ne saboda an bar mata sun yi aiki a iyakar. Tun 24 ga Disamban 2022 Taliban ta hana matan Afganistan aiki da ƙungiyoyin agaji, a Afrilun 2023 ta faɗaɗa hanin ya haɗa da ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya. An bar ƙofa ga ɓangaren lafiya da wasu 'yan wurare, sauran kuwa sai an yi ta lallashin hukumomin kowane lardi. A al'adar mutanen, namiji baƙo ba zai tambayi matar wani ko tana da ciki ba, ba zai san gwauruwar da ke riƙe da marayu biyar ba, ba zai ji labarin yarinyar da aka ci zarafinta a hanya ba. Ma'aikaciya mace ce kaɗai ke iya shiga tantin ta fito da waɗannan bayanai. A Torkham cunkoson ya sa hukumomi sun sassauta, amma izini ne na baki, wanda ake iya janyewa ko yaushe.

Akwai wani bambanci da ke damuna a tsarin. A lokacin masu katin PoR da suka dawo ta hannun UNHCR suna zuwa cibiyoyin biyan kuɗi a Jalalabad ko Kandahar ko Kabul a ba kowane mutum dala 375. Iyali mai mutum bakwai zai tashi da dala 2,625, kuɗin da zai biya hayar wata da watanni har ya ja ƙaramin jari. Marasa takarda kuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, abin da suke samu na mota ne da abincin 'yan makonni. Dalilin a bayyane yake: kowace hukuma da iyakar aikinta da asusunta, ɗaya ta 'yan gudun hijira ce, ɗaya ta masu ƙaura. Amma yaran da suka sauko daga mota ɗaya yunwarsu ɗaya ce, kuma sau da yawa marar katin ya fi talauci, domin rashin katin ne ya hana mahaifinsa aiki mai kyau tun a Pakistan. Katin da gwamnatin Pakistan ta bayar ko ta hana shekaru 16 kafin nan shi ya yanke wa yaro rabonsa a cikin ƙasarsa ta gado.

Ma'aikatan agaji kansu sun shiga wannan aiki da tsohon tabo. A 2016, lokacin da Pakistan ta matsa wa kusan mutum 600,000 suka koma, UNHCR ta ninka kuɗin komawa zuwa dala 400, ƙungiyar Human Rights Watch kuma ta zarge ta da taimaka wa korar ta hanyar kiranta komawa ta son rai. A 2023 hukumomin sun fito fili sun roƙi Pakistan ta dakata, sun ce akwai waɗanda rayuwarsu ke cikin haɗari in an mayar da su. Ba a saurare su ba. Sai suka koma ɗaya gefen iyakar suka jira da ruwa da barguna, domin ba su da wani zaɓi da ya wuce wannan.

Bayan motar ta tashi

Jami'in rajista na tambayar magidanci lardin da zai tafi. Da yawa sunan lardin kakansu kawai suka sani. Wasu gonar gadon an daɗe da rabe ta tsakanin 'yan uwan da suka zauna, wasu wani mai ƙarfi ya mamaye ta, wasu dama ba su taɓa mallakar ko taku ɗaya ba. Shi ya sa jama'a suka taru a Nangarhar da Kandahar da Kabul da Kunar, a gidajen dangi ko ɗakin haya ko tanti a bayan gari. Aikin yi kuma babu. An yi shekara uku a jere ana fari. Haramcin noman tsiron da ake yin ƙwayar heroin da shi, wanda shugaban Taliban ya sanar a Afrilun 2022, ya rage noman da kashi 95 cikin 100 a 2023 bisa ƙiyasin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ko me mutum zai ce game da alherin haramcin, ya tafi da ƙwadagon da dubban marasa gona ke ci da shi a daidai lardunan da masu dawowa suka nufa.

A Afrilun 2024 ƙungiyar Save the Children ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a tsakanin iyalan da suka dawo. Kashi 99 cikin 100 sun ce ba su da abincin da zai kai su wata ɗaya zuwa biyu. Kusan iyali ɗaya cikin shida na zaune a tanti. Kashi 65 cikin 100 na yaran ba sa zuwa makaranta, alhali sama da kashi biyu bisa uku suna zuwa lokacin da suke Pakistan. Da aka tambayi dalili, kashi 85 cikin 100 suka ce ba su da takardun da ake buƙata wajen sa yaro a makaranta.

Wannan batu na takarda shi ne zuciyar lamarin, kuma shi ne aka fi sakaci da shi, domin ba ya ɗaukar hankali kamar hoton tanti. Katin shaidar ɗan ƙasa a Afganistan sunansa tazkira. Da shi ake shiga makarantar gwamnati, da shi ake mallakar fili, ake buɗe asusun banki, ake yin fasfo, sau da yawa da shi ake shiga jerin masu karɓar tallafi. Samunsa na buƙatar a tabbatar da asalin mutum ta wajen uba, a kawo tazkirar mahaifi ko ta wani ɗan uwa na jini, a samu masu shaida, sau da yawa a je har gundumar asali, a biya kuɗi, a yi ta zarya a ofis. Mu ɗauki yaron da aka haifa a Karachi, mahaifinsa ma a sansanin 'yan gudun hijira aka haife shi, kakan da ya san ƙauyen ya rasu. A Pakistan an kore shi don ba shi da takardar Pakistan. A Afganistan ba a karɓe shi a aji ba don ba shi da takardar Afganistan. In mahaifin ya rasu abin ya fi muni, domin uwa ba ta iya yawon ofisoshi da tafiya mai nisa ba muharrami. Ƙungiyoyi irin su Norwegian Refugee Council na da lauyoyin da ke taimaka wa mutane bin wannan hanya, kuma a ganina yana cikin aiki mafi amfani da ake yi a ƙasar, amma masu buƙata sun ninka ƙarfinsu sau da yawa.

Ko an samu takardar, saura harshe. Yaron da ya yi aji huɗu da Urdu zai zauna a ajin da ake karantarwa da Pashto ko Dari. Pashto na iya zama harshen gidansu, amma bai taɓa rubuta shi ba, Dari kuwa baƙo ne gare shi gaba ɗaya. Wasu a mayar da su aji ɗaya su zauna da ƙannensu, kunya ta kore su, su koma tura baro a kasuwar Jalalabad.

Yarinya kuwa in ta wuce aji shida an gama magana. Tun Satumban 2021 makarantun sakandare a rufe suke ga 'yan mata, jami'o'i suka bi baya a Disamban 2022. Afganistan ce kaɗai ƙasa a duniya mai irin wannan doka, kuma malamai da gwamnatocin ƙasashen Musulmi, har da Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, sun yi ta kiran a janye ta. Akwai iyalan da suka tafi Pakistan bayan 2021 musamman don 'ya'yansu mata su ci gaba da karatu. Yarinya 'yar shekara 13 da ke aji bakwai a Peshawar ranar 31 ga Oktoba, ta wayi gari ranar 2 ga Nuwamba a ƙasar da karatunta ya zama laifi. Ba wani kunshin agaji da ke da maganin wannan. Kuma a gidan da babu abinci, ga bashi, ga budurwa zaune, kowa ya san shawarar da ake kawowa: a aurar da ita, a rage baki, a karɓi sadaki. Iyayen da ke yin haka ba ƙin 'yarsu suke yi ba. An toshe musu sauran hanyoyin ne ɗaya bayan ɗaya, daga Islamabad, da Kandahar mazaunin shugaban Taliban, da manyan biranen masu ba da tallafi.

Me ya hana agajin bin su gida

Kafin Agustan 2021 tallafin ƙasashen waje ne ke ɗaukar kusan kashi 75 cikin 100 na abin da gwamnatin Afganistan ke kashewa. Da Taliban ta hau aka yanke shi dare ɗaya, Amurka kuma ta riƙe kusan dala biliyan 7 na babban bankin ƙasar. A Disamban 2021 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2615 da ya cire agajin jin ƙai da biyan buƙatun yau da kullum daga takunkumi. Wannan ya buɗe hanyar buhun gari da magani da tanti. Amma ƙasashen da ke ba da kuɗin sun tsaya a kan cewa ba za su yi aikin raya ƙasa da zai bi ta hannun Taliban ko ya ƙara mata ƙima ba. Ministan kula da 'yan gudun hijira na lokacin ma, Khalil Haqqani, yana cikin jerin waɗanda Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa wa takunkumi, har aka kashe shi a harin ƙunar baƙin wake a ma'aikatarsa a Disamban 2024.

Matsayin masu ba da tallafin yana da hujja, domin ba wanda ke son kuɗinsa ya ƙarfafa gwamnatin da ta kulle rabin al'ummarta a gida. Amma ga abin da yake haifarwa a ƙasa. Ana iya samun kuɗin kai ruwa a tanka kowace safiya, samun na jan bututun gari kuwa sai an sha wuya. Ana iya raba tanti a wannan hunturu, a sake raba wani baɗi bayan rana da iska sun cinye na farko, amma gina unguwa da makaranta da ofishin ba da tazkira aikin gwamnati ne, gwamnatin kuma ba a hulɗa da ita. Taliban ta yi alkawarin raba filaye ga masu dawowa. An taɓa gwada haka a zamanin Shugaba Hamid Karzai da dokar shugaban ƙasa ta 2005, aka yanka filaye a wurare masu nisa da ruwa da kasuwa, da yawa daga cikin waɗanda aka ba suka bar su suka koma gefen birane. Fili ba ruwa ba aiki ba ya riƙe iyali. Azuzuwan cikin unguwa da UNICEF ke ɗaukar nauyi, waɗanda su ne suka fi dacewa da yaran da karatu ya wuce, su ma a 2023 Taliban ta umarci ƙungiyoyin ƙasashen waje su janye hannu daga gudanar da su.

Abin da ya faru a 2023 kuma somin taɓi ne. A Afrilun 2025 Pakistan ta shiga zagaye na biyu, ta fara korar masu katin ACC. Iran ta ba 'yan Afganistan marasa takarda nata wa'adin zuwa 6 ga Yuli, bayan yaƙin kwana 12 da Isra'ila kuma dubun dubatar mutane suka riƙa kwarara ta mashigar Islam Qala a kullum cikin tsananin zafi. Waɗanda suka koma daga ƙasashen biyu a shekarar sun haura miliyan biyu. A daidai wannan lokaci gwamnatin Donald Trump ta yanke tallafin Amurka, wadda ita ce ke ba da kaso mafi girma na kuɗin agajin ƙasar, cibiyoyin lafiya sama da 400 suka rufe ko suka dakatar da aiki, kuɗin da UNHCR ke ba iyali ya faɗo zuwa abin da bai kai dala 200 ba. Daren 31 ga Agusta girgizar ƙasa ta kashe mutum sama da 2,200 a Kunar da Nangarhar, lardunan da iyalan Torkham suka sauka.

A farkon Satumban 2025 Pakistan ta fara korar masu katin PoR, waɗanda a da su ne ke da kariya. A cikin makon farko na watan Taliban ta girke jami'anta a ƙofofin ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta hana matan Afganistan da ke aiki a ciki shiga. Ranar 9 ga Satumba UNHCR ta dakatar da aiki a cibiyoyinta takwas na tallafa wa masu dawowa, waɗanda ke karɓar mutum kusan 7,000 a rana. Ta ce sama da rabin masu zuwa mata ne, kuma ba tare da ma'aikata mata ba babu yadda za a yi musu tambayoyi ko a ɗauki bayanansu.